Wuyan Dinya

A Nebraska, bayan an gama yankan masara,
Verlene Kopecky ta tsaya a filin dillalin tireloli,
ɗan littafi a aljihu, igiyar awo a hannu,
da fensirin da ta tauna har ya yi kaca-kaca.

Bara ne, a gangaren rafin da ke bayan gonarsu,
tsohuwar tirela mai ɗaurin wutsiya
ta kama rawa a bayan ƙanenta,
hagu, dama, hagu,
har wutsiya ta rinjayi kare.
Tarakta ta kwana a kwari, ƙafa huɗu a sama.
Lumir ya fito da ransa, da haƙora biyu a tafin hannu,
da kafaɗar da ba ta ƙara ɗaga komai ba.

Orval Stuhr ya taho yana goge hannu a wando:
"Ga wannan, ƙafa arba'in, ja wur, jiya ta iso."
Ta ce, "Ba fenti na zo saye ba.
Nawa nauyinta ita kaɗai, kafin a aza mata ko allura?"
Ya sosa ƙeya, ya je ya karanto a jikin ƙarfe.

Ta buɗe littafi.
Tarakta, tan biyar da rabi.
Cokalin gabanta, kusan tan guda.
Ruwan da aka ɗura wa tayoyin baya shi ma kaya ne,
ko da ido bai gan shi ba.
Sarƙoƙi, garma, lakar da ke manne wa komai.
Ta haɗa, ta sake haɗawa,
ta ƙara wani abu saboda gobe,
don gobe ba ta zuwa hannu rabbana.

Sai ta kwanta rigingine a kan tsakuwa,
mace mai shekara sittin da ɗaya,
ta shige ƙarƙashin jar tirela,
ta bi ɗinkin walda da yatsa kamar mai duba bakin zane.
Ta fito, ta kakkaɓe, ba ta ce uffan ba.
Orval ya ji shirun har ƙashinsa.

Can ƙarshen layi, kusa da shinge,
wata toka-toka ce, ta hannu, da tabo a haƙarƙari.
Ƙafa talatin. Tayoyi takwas, kowace da sauran haƙori.
Wuyanta ya tashi, ya tanƙwara,
yana jiran ya tsallake ƙofar a-kori-kura
ya dasa baki a tsakiyar bayanta, daidai kan tayoyi.
Wanda ya taɓa ɗaukar tulu ya sani:
a tsakar ka ake ajiye gammo, ba a ƙeya ba.

Ta kama matakalar hawa ta ɗaga ita kaɗai.
Ta ɗagu.
Ta auna faɗi, ta tuno ƙofar garkensu
da ginshiƙin da mahaifinsu ya kafa a karkace.
Arba'in ba za ta sha wannan kwana ba.
Ta sa aka taka birki tana saurare,
ta ƙirga zobban ɗaure sarƙa, ɗaya ya ɓace.
"Wannan zoben," in ji ta, "a cikin kuɗinka zai fita."

Sun ja, sun ja, har kofi ya huce.

Ranar Asabar suka ɗora tarakta,
ɗan gaba kaɗan, don wuya ya karɓi rabonsa.
Sarƙa huɗu, kowace ta ɗauru har tana kuka.
A bakin gangara Verlene ta tsaya,
ta fita, ta zagayo, ta buɗe ƙofar ƙanenta.

Ya daɗe yana kallon makullin.

Suka sauka a hankali, idonsa na kan madubi,
tirela na biye kamar raƙumi da akala.
Sama kuwa dinyoyi sun miƙe wuya zuwa kudu,
ba su ɗauki komai ba.